Ruwa Ba Ya Tafasa Banza

Akwai wasu tsofaffin motoci a Amurka waɗanda mutanen ƙasar suke yi wa laƙabi da motoci masu ƙwanji. Zamaninsu bai wuce shekara goma ba, daga 1964 zuwa farkon shekarun 1970, amma har yau idan ɗayarsu ta yi gurnani a bakin titi sai ka ga dattawa sun waiwaya kamar an kira sunansu na yanka. Dabarar ƙirarsu mai sauƙi ce: a ɗauki gangar matsakaiciyar mota mai ƙofa biyu, a ɗora mata ƙaton inji mai silinda takwas, a sayar wa matashi a farashin da albashinsa zai iya ɗauka. Yawancin masu bin tarihin motoci suna fara lissafi ne daga Pontiac GTO ta 1964, wadda John DeLorean da abokan aikinsa suka fito da ita a kamfanin General Motors. A shekarar farko an sayar da fiye da 32,000, sai sauran kamfanoni suka biyo sahu da irin su Dodge Charger da Plymouth Road Runner, Chevrolet kuma ta fito da Chevelle SS. Dokar tsabtace iska ta 1970 da tsadar inshora suka fara rage musu ƙarfi, rikicin man fetur na 1973 ya ƙarasa su. Sunan Pontiac kansa an rufe shi a 2010.

Abin da ya fi wahalar da waɗanda suke riƙe da motocin nan a yau shi ne zafin inji. Duk man da inji ya ƙona, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai, ko ma ƙasa da haka, yake zama ƙarfin da ke juya taya. Wani kaso ya fita ta salansa, sauran kuma, wanda shi ma ya kusa kashi ɗaya cikin uku, ruwan da ke zagaya inji ne yake kwashe shi ya kai lagireto, iska ta ɗauke. Inji mai lita 6 ko 7 kuwa murhu ne babba. An yi masa hanyar sanyaya wadda ta ishe shi tun yana sabo, amma bayan shekara hamsin da ɗoriya tsatsa ta taru a cikinsa, hannaye da yawa sun taɓa shi, kuma fetur ɗin da aka ƙera shi dominsa ma babu shi. An haramta mai dalma a titunan Amurka tun 1996, na yanzu kuma galibi gauraye yake da kashi 10 cikin ɗari na itanol.

Ranar jarrabawar motocin nan ita ce Asabar ta uku ta watan Agusta. A ranar ake taron Woodward Dream Cruise, wanda aka fara a 1995, a kan titin Woodward da ya tashi daga Detroit ya nufi garin Pontiac a jihar Michigan. Dubun-dubatar tsofaffin motoci suke jeruwa suna tafiyar hawainiya cikin rana, jama'a zaune a gefen titi suna kallo. Motar da aka yi don gudu, sai ga ta tana rarrafe awa biyu ko uku. Duk wadda ke da larura a ciki, ranar take fallasa, ka gan ta a gefe an ɗaga bonet, tururi yana tashi.

Ni ba bakanike ba ne. Ɗan Zangon Kumasi ne da neman abinci ya kai shi Columbus ta jihar Ohio, inda 'yan Ghana suke da yawa. Ina aikin dare a wani sito, ranar Asabar kuma nakan je garejin da kawuna yake aiki in riƙe masa fitila, in miƙa masa sifana. Kawu ya koyi kanikanci ne a Suame Magazine, unguwar nan ta Kumasi da ta zama gari guda na makanikai da maƙera da masu sayar da kayan gyara. Shekara bakwai ya yi a ƙarƙashin mastansa kafin a yaye shi, kuma a kan tsofaffin Bedford da Peugeot 504 hannunsa ya nuna. Da ya zo Amurka ya tarar yawancin matasan makanikai sun saba da jona kwamfuta ta faɗa musu ciwon mota. Motar 1969 ba ta da inda za a jona mata kwamfuta, don haka duk wadda ta shigo garejin da kafireto da distiributa, wurin Kawu mai garejin yake tura ta. Da tsohuwar zuma ake magani.

A watan Yunin shekaru biyu da suka wuce aka kawo wata GTO ƙirar 1969, koriya, a bayan motar ja. Mai ita wani dattijo ne Bature, wanda muka riƙa ce wa Baba mai GTO a tsakaninmu. Ya saye ta sabuwa yana ɗan shekara 23, a kan dala dubu uku da 'yan kai, kuma injinta na asali ne, mai inci 400 a ma'auninsu, wato lita 6.6, ƙarfin dawaki 350. Tun daga 1968 ake buga wani sashe na lambar mota a jikin injinta, saboda haka motar da lambobinta suka dace ta fi wadda aka sauya wa inji daraja nesa ba kusa ba. Shekara biyu ke nan tana zafi. Gareji na farko ya sa mata sabon lagireto na alminiyam. Na biyu ya cire mata tamostat. Na uku ya ce injin ya tsage daga ciki, a cire shi a sa wani. Dattijon kuwa idonsa ya fara rauni, likita ya gaya masa kwanakin tuƙinsa ƙididdigaggu ne, kuma ya yi wa jikarsa alkawarin za su bi titin Woodward tare a watan Agusta. Sati tara suka rage.

Kawu bai buɗe bonet ba a ranar. Kujera ya jawo wa dattijon, ya zauna a kan tsohuwar taya, ya fara tambaya kamar alƙali. Yaushe take zafi, a tsaye ko a guje? Idan ta ɗauki zafi a wurin danja, sai aka samu hanya aka taka, allurar tana sauka? Tana shan ruwa, ko ruwan yana nan yadda aka zuba shi? Tana amai ta bakin lagireto bayan an kashe ta? Sai tambayar da ya fi maimaitawa: me aka taɓa mata gab da fara zafin? Dattijon ya yi shiru, can ya ce famfon ruwanta ne ya fara ɗiga, aka sa sabo. Da farko a babbar hanya kawai take zafi. Bayan an sa sabon lagireto kuma sai ta fara yi har a tsaye.

Bayan tafiyarsa na ce, “Kawu, kusan awa guda kuna magana, ko noti ɗaya ba ka kwance ba.”

Ya ce, “Ɗana, zafin inji iri biyu ne, kuma kowanne da danginsa. Motar da ke zafi a tsaye ta huce a guje, iska take nema, domin a guje hanya ce ke ba ta iska kyauta. Wadda ke lafiya a tsaye ta yi zafi a guje, ruwanta ne ba ya gudana yadda ya kamata, ko lagireton ya toshe. Wannan tana yin duka biyun, kuma ba rana ɗaya suka fara ba. Ke nan ɓarawon ya fi ɗaya. Wanda ya zo da magani guda zai kama ɗaya, sauran su ci gaba da sata.”

Asabar ta gaba ya fara da tuhumar mai ba da shaida. Allurar zafi da ke gaban direba da ɗan ma'aunin da ke aika mata saƙo daga jikin inji sun tsufa, kuma sau da yawa sabon ma'auni ba ya jituwa da tsohuwar allura, sai mota ta riƙa nuna zafin da babu shi. Ya tayar da motar, ya bar ta tana aiki, ya riƙa haska bindigar awon zafi a wuyan da ruwa ke fita daga inji zuwa lagireto. Cikin minti ashirin ta kai digiri 110 a ma'aunin Salshiyos, wato 230 a na Faranhait da Amurkawa suke amfani da shi, kuma tana ci gaba da hawa. Allura ta yi gaskiya. Ya kashe.

Daga nan ya juya ga hukuncin kisan da gareji na uku ya yanke, domin idan injin ya tsage, ko gaskit ɗin kan silinda ya ƙone, duk wani gyara ɓata kuɗi ne. Ya zaro sandar awon baƙin mai, man yana nan baƙi sumul, bai koma kalar shayi da madara ba. Salansa ba ta fitar da farin hayaƙi mai ƙamshin zaƙi. Ya kwance filogi takwas ɗin ya jera, babu wanda ya yi fes kamar an wanke shi da tururi. Da injin ya huce ya ɗaura famfon gwaji a bakin lagireto, ya matsa iska, allurar famfon ta tsaya cak fiye da kwata na awa. Gwaji na ƙarshe shi ne na shuɗin ruwa: wata 'yar kwalba ce ake kafawa a bakin lagireto inji yana aiki, a zuƙo iskar da ke saman ruwan ta ratsa wani shuɗin sinadari. Idan hayaƙin ƙonewa yana kutsawa cikin ruwa, sinadarin zai koma ruwan ɗorawa. Muka zuba ido. Shuɗi ya shiga, shuɗi ya tsaya. Kawu ya kira dattijon a waya ya ce masa injinsa lafiya lau yake, kada ya bari kowa ya cire shi. Ina jin yadda muryar tsohon ta sarƙe daga ɗaya ɓangaren.

Sai aka shiga farautar ɓarayin, daga mai araha zuwa mai tsada. Na farko murfin lagireto ne, abin da bai kai kuɗin abincin rana ba. Mutane suna ɗaukarsa marufi kawai, alhali aikinsa riƙe matsi ne. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100. Idan aka gauraya shi rabi da rabi da ruwan hana daskarewa, sai ya kai wajen 107. Idan kuma murfi mai lamba 15 ya riƙe matsinsa, ba zai tafasa ba sai wajen digiri 129. Da zarar ruwa ya fara tafasa a lungunan kan silinda, kumfar tururi takan shiga tsakaninsa da ƙarfe, tururi kuwa ba ya kwasar zafi kamar ruwa, sai wurin ya ƙara gasuwa. Murfin motar nan lamba 15 aka rubuta masa, amma a kan famfon gwaji ya saki tun bai kai rabin haka ba. Shi ya sa take amai bayan an kashe ta.

Na biyu a fili yake, sai dai ido ya saba da rashinsa. Asalin motar tana da wani mazurari na roba da ya rufe bayan lagireto ya kewaye fanka. Da aka kawo sabon lagireto maƙalansa ba su dace da mazurarin ba, aka ajiye shi gefe. Fanka kuwa raguwa ce, inda iska ta fi sauƙin samuwa nan take jawowa. In babu mazurari sai ta riƙa wulwula iskar gefe da gefe, ta bar lagireto yana jira. Kawu ya ɗora takarda a gaban lagireton inji yana aiki a tsaye. A tsakiya ta ɗan manne, a kusurwoyi ta sulale ƙasa. Ya gwada kulocin fankar ma, ta hanyar juya ta da hannu bayan an kashe inji da zafinsa. Da ta yi ta juyawa sakaka, da kulocin ya mutu, amma ta yi tauri ta tsaya, don haka ya bar ta. Aka yi sa'a dattijon bai yar da mazurarin ba, yana rataye a bangon gidansa. Kawu ya lanƙwasa 'yan ƙarafa ya yi masa maƙalai, ya daidaita shi yadda rabin faɗin fukafukan fanka yake ciki, rabi waje. Da aka sake gwajin takarda, ko'ina aka ɗora ta sai ta manne.

Na uku ba ya cikin hanyar ruwa sam, shi ya sa masu sauya lagireto suke tsallake shi. Fetur ba fashewa yake yi nan take a cikin silinda ba, ci yake yi kamar wutar kara, don haka dole filogi ya kyasta tun fistan bai ƙarasa hawa ba. Idan tartsatsin ya makara, wutar tana ci har lokacin da bawul ɗin fitar hayaƙi zai buɗe, sai zafin da ya kamata ya tura fistan ya ƙare a bangon silinda da manifol, ruwa ya gaje shi. A jikin distiributar motocin zamanin akwai wani ɗan gwangwani mai fatar roba a ciki, wanda zuƙar iskar inji ke ja, shi kuma ya gaggauta tartsatsi lokacin da inji ba ya ɗauke da nauyi. Kawu ya cire siririn tiyon gwangwanin ya zuƙa da baki, ya toshe da harshe. Iska ta wuce fayau. Fatar ta tsage, wataƙila tun shekaru. Ɓarnarta biyu ce, tartsatsi yana makara, kuma iskar da ba a gayyata ba tana shiga ta tsagar ta tsinka cakuɗin mai, cakuɗi mai ƙarancin mai kuwa ya fi ƙona inji. Kafin ya yarda da fitilar taimin, sai da ya tabbatar alamar da ke kan fulin gaban inji tana daidai da ƙololuwar hawan fistan na ɗaya, domin zoben waje na fulin a kan roba yake zaune, kuma yakan zame idan robar ta tsufa, ya mayar da alamar maƙaryaciya. Alamar tana wurinta. Ya sa sabon gwangwani, ya saita taimin, nan take muryar injin ta washe.

A wannan matsayi motar ta daina zafi a tsaye. Wani da ya miƙa makulli ya karɓi kuɗinsa, amma Kawu ya ce ɓarawon farko yana nan, wanda ya shigo tare da sabon famfo. Muka hau babbar hanyar da ta kewaye birnin, yana tuƙi, ina kallon allura. Bayan minti goma sha biyar a gudun kilomita 110 ta fara rarrafawa sama. Muka ratse, ya haska bindigarsa a tiyon sama da na ƙasa. Na sama kamar garwashi, na ƙasa kuwa ya huce fiye da kima. Na ce ai wannan alama ce ta lagireto mai kyau. Ya ce lagireton yana aikinsa, ruwan ne yake shigowa kaɗan-kaɗan, shi ya sa yake samun lokacin hucewa haka, alhali wanda ke cikin inji yana dahuwa. Ya matsa tiyon ƙasa ya ji wayar da ke cikinsa tana nan, wato ba ya shaƙewa idan famfo ya ja da ƙarfi. Fambel ma a ɗaure yake. Saura famfon kansa.

Injinan Pontiac suna da wata ɗabi'a da duk wanda ya daɗe da su ya sani. A bayan famfon ruwa akwai wani siririn farantin ƙarfe mai rami a tsakiya, kuma farfelar famfon tana juyawa ne dab da shi. Farantin shi ne bangon da ke tilasta wa ruwa ya shiga ta tsakiyar farfela ya fita ta gefe zuwa cikin inji. Idan tazarar da ke tsakaninsu ta yi faɗi, sai ruwan ya riƙa zamewa ta tazarar yana komawa inda ya fito, farfela tana ta dama shi kamar mai dama fura, kaɗan ne ke wucewa. Famfunan da ake sayarwa yanzu ba duka ne farfelarsu take zama daidai inda ta asali take ba. Da Kawu ya kwance famfon ya kifa farantin a kansa, tazarar ta kusa ɗaukar fensir. Bai aika a sayo komai ba. Ya ɗora farantin a kan katako, ya ɗauki ƙaramar guduma, ya riƙa bugun bakin ramin a hankali yana zagayawa, ya gwada, ya sake bugu, har tazarar ta dawo kimanin milimita 2, farfela tana juyawa ba ta goga. Aikin ya ci kusan awa guda. Matasan garejin suka taru suna kallo, ɗayansu yana ɗauka da waya. Ni kuwa ƙarar gudumar Suame take tuna mini, inda ake gyara abu saboda babu kuɗin sabo, har gyaran ya zama ilimi. Ya sauya robobin bututu biyu da ke bayan farantin, ya mayar da komai.

Kafin ya zuba ruwa ya kwance matosan da ke gefen inji biyu. Ɗaya ko ɗigo bai fito ba sai da ya soka waya, sannan wani jan laka ya ɓalle. Muka yi ta ɗura ruwa har ya fito garau. Sai ya mayar da tamostat mai buɗewa a digiri 82, wato 180 a lissafinsu. Dattijon, wanda ya zo kallo ranar, ya tambaya ko ba gara a bar ta a cire ba, tunda zafi ake gudu. Kawu ya ce masa, “Baba, tamostat ƙasa take tsarewa, ba ta da iko da sama. Aikinta ta hana inji yin aiki da sanyi, domin inji mai sanyi yana cin kansa, yana shan mai. Idan ta buɗe ta gama nata, sauran na lagireto da famfo da fanka ne. Kuma ɗan matsatsin da take yi wa ruwa a bakin fita yana ƙara matsi a cikin inji, ya hana shi tafasa a lungu. Mai lafiya ba ta sa zafi. Wadda ta maƙale a rufe ita ce mai laifi, ita kuwa sauya ta ake yi.” Ya tsoma sabuwar a tukunyar ruwan zafi a gabansa, muka ga ta buɗe baki, sannan ya ɗaura.

Gwajin ƙarshe ranar wata Asabar ce ta Yuli mai tsananin rana. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka Kawu ya kwaikwayi titin Woodward a filin gareji: mota a giya, ƙafa a birki, a matsa taku biyar a tsaya, minti arba'in cur. Ta tsaya a digiri 90. Muka hau babbar hanya rabin awa, ta sauko 85 ta zauna. Duk kayan da aka saya, murfi da gwangwani da tamostat da robobi da gaskit, ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin lagireton alminiyam ɗin ba. Kawu ya koya wa jikar, wadda ita ce za ta karɓi tuƙin idan kakan ya gaji, abin da za ta yi in allura ta tashi a cunkoso: ta kunna hita har ƙarshe, domin hita ƙaramin lagireto ne, ta sa giya a sake ta ɗan ƙara totur don fanka da famfo su yi sauri, in bai sauka ba ta ratse ta kashe. Ya ja mata kunne sau biyu kada ta kusanci murfin lagireto sai inji ya huce, domin ruwan da ke ƙarƙashin matsi yana iya wuce digiri 100 bai tafasa ba, ana buɗewa zai yi tsiri ya saɓule fata. A ƙarshen Agusta hoto ya zo garejin ta gidan waya, tsohon a sitiyari, yarinyar a gefensa, layin motoci a bayansu. Mai garejin ya manna shi a bango kusa da akwatin kayan aikin Kawu.

Na san da wuya wani daga cikin masu karanta wannan shafi ya taɓa GTO da hannunsa. Amma tsohuwar Benz da ke jigila daga Kumasi zuwa Tamale, da tasin da ke tsaye a cunkoson Kejetia, da motar gida da aka sayo ta hannu daga Turai, duk doka ɗaya suke bi da ita. A garejojin ƙasashenmu an saba, mota na sauka daga jirgi sai a cire mata tamostat, a ce ta ƙasar sanyi ce, a haɗa fanka kai tsaye, a cika lagireto da ruwan rijiya. Ruwan rijiya yana barin farin ɓawo a cikin siraran bututun lagireto kamar yadda yake yi wa butar shayi, kuma ba shi da sinadarin hana tsatsa. Ruwan hana daskarewa, duk da sunansa, yana da amfani ko a inda ba a taɓa ganin ƙanƙara ba, saboda yana kare ƙarfe da alminiyam daga ci, yana kuma ɗaga matakin tafasa. Murfin da robarsa ta mutu, wanda ake ɗaure shi da leda, ya kashe injina da yawa a hanyar arewa.

Saboda haka idan allurar motarka ta fara hawa, kafin ka kai ta wurin fita, ka lura da ita kwana biyu yadda za ka iya amsa tambaya. A tsaye take yi ko a guje, da kaya ko babu, tana rage ruwa ko ba ta ragewa, kuma me aka taɓa mata a baya-bayan nan. Wannan bayanin rabin gyara ne, kuma kai kaɗai kake da shi. In ka samu bakaniken da ya zaunar da kai yana tambaya kafin ya ɗauki sifana, kada ka ga kamar yana ɓata maka lokaci, ka riƙe shi hannu bibbiyu. In kuwa tun ba ka rufe baki ba ya ce a sauke inji, ka nemi ya nuna maka shaida a jikin mai, ko filogi, ko famfon gwaji. Inji da yawa an yi musu jana'iza da ransu.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa wa sana'ar iyayenmu makanikai albarka.